Taurin abu: me ake aunawa, kuma da wane ma'auni?

A kan kwalin gilashin da ake manna wa fuskar waya, sau da yawa za ka ga an rubuta 9H da manyan baƙaƙe. Mai saye yakan ɗauka cewa abin da ke hannunsa saura ƙiris ya kamo daimon, domin ya taɓa jin cewa ma'aunin taurin duwatsu daga 1 yake farawa ya tsaya a 10, kuma daimon ne a 10. Ba haka zancen yake ba. Wannan 9H daga gwajin fensir ya fito, gwajin da masu haɗa fenti ke yi wa kayansu: a ɗauko fensira masu tauri daban-daban, a tura bakin kowanne a kan fentin da ya bushe, a ga wanne ne zai fara barin tabo. Bakin fensir cakuda ne na girafait da yumɓu, kuma ko mafi taurinsu bai kai ya karce gilashin taga ba. Abin da lambar ke faɗa kawai shi ne fensir ba zai karce wannan gilashi ba. Ƙwayar yashi ɗaya a cikin aljihu kuwa za ta iya.

Na fara da wannan ne saboda ya tona asirin al'amarin gaba ɗaya. Nauyin buhun gero, ko wane sikeli ka ɗora shi, in dai sikelin lafiyayye ne, amsa ɗaya zai ba ka. Tauri ba haka yake ba. Babu wani adadi guda da ke zaune a cikin ƙarfe yana jiran a karanto shi. Akwai mai karce abu ya ga ko zai yi tabo, akwai mai danna shi da wani abu mai tsini ya auna ramin da ya bari, akwai mai jifansa da ɗan ƙarfe ya ga yadda zai dawo da shi. Kowannensu tambaya dabam yake yi, kowanne kuma lambarsa dabam. Duk wanda ya ce maka taurin abu 60 ne, bai faɗi ma'aunin ba, bai gaya maka komai ba tukuna.

Karcewa ita ce hanya mafi tsufa. A shekarar 1812, wani Bajamushe masanin ma'adinai mai suna Friedrich Mohs, yana aiki a birnin Graz na ƙasar Ostiriya, ya jera ma'adinai 10 ta yadda kowanne zai karce na ƙasa da shi amma ba zai karce na sama da shi ba. A ƙasa akwai talk, dutsen nan mai santsi da ake yin hodar shafawa da shi; sai jifsam, kalsait, fulorait, afatait, feldsifa, sannan kwaz a mataki na 7, tofaz a na 8, korundam a na 9, daimon a na 10. Kyawun wannan tsari shi ne ba ya bukatar na'ura. Farcen mutum yana wajen 2.5, bakin wuƙa da gilashin taga suna wajen 5.5, don haka mai haƙar ma'adinai a daji zai iya rage zato da abin da ke aljihunsa. Korundam shi ne dangin yaƙutu, irin shuɗin da ake haƙowa a tsaunin Mambila na jihar Taraba, kuma a yankin Jos ana samun tofaz. Mai sayen irin waɗannan duwatsu da ya san cewa kwaz ba zai karce tofaz ba, kuma kwalba ba za ta karce kwaz ba, ya tsira daga yaudara mai yawa. Sai dai dutsen da aka riga aka yanka aka goge ba a karce shi don gwaji, domin tabon zai karya masa daraja.

Mataki na 7 ya cancanci a tsaya a kansa. Kwaz shi ne mafi yawan abin da ke cikin yashi, kuma ƙurar hunturu tana ɗauke da ƙwayoyinsa. Duk abin da taurinsa bai kai 7 ba, ƙura za ta ci shi a hankali: gilashin mota da aka goge da busasshen tsumma, tabarau, zoben zinari wanda taurinsa bai wuce 3 ba, har cikin injin da matatar iskarsa ta yage.

Amma jerin Mohs jerin wa-ya-fi-wa ne kawai, ba ya faɗin da nawa aka fi. Tazarar da ke tsakanin 9 da 10 ta fi duk tazarar da ke tsakanin 1 da 9, domin in aka auna da na'urar dannawa, daimon ya ninka korundam wajen sau 4. Ga injiniya kuwa matsalar ta fi haka: kusan duk ƙarafa masu tauri da yake aiki da su sun cunkushe ne tsakanin 4 da 8. Ƙarfen da zai yi kyau a giya da wanda zai lotse cikin mako guda za su iya faɗawa mataki ɗaya. Masana'antu na bukatar lamba mai rarrabewa, ba jeri ba.

Maƙera sun daɗe da nasu gwajin, kuma ba abin rainawa ba ne. Maƙerin da ya ƙera wuƙa ko gatari daga tsohon sifirin na mota, ya gasa shi ya yi ja, ya tsoma a ruwa ko mai, yakan ɗauko magagari ya goga a bakin. In magagarin ya ci, ƙarfen bai taurara ba. In ya zame yana ƙara ba tare da ya kama ba, ya taurara. Abin da ya faru a cikin ƙarfen shi ne: sanyayawar gaggawa ta tsare ƙwayoyin kabon a wuraren da ba su samu damar fita ba, sai jerin ƙwayoyin zarra na ƙarfen ya takura, layukansu suka kasa zamewa a kan juna. Lotsawar ƙarfe ba komai ba ce illa wannan zamewa, kuma duk abin da ya hana ta ya ƙara tauri. Shi ya sa ƙarfen da ba shi da isasshen kabon, irin na ƙusa, ko sau nawa ka gasa ka tsoma ba zai taurara sosai ba, ƙarfen sifirin kuwa da kabon ɗinsa ke wajen kashi 0.6 cikin 100 zai yi. Gwajin magagari gaskiya yake faɗa, illa dai amsarsa biyu ce kacal, e ko a'a, kuma tana rataye ne a kan hannun mai gogawa da lafiyar magagarin.

Wanda ya mayar da wannan al'amari lissafi shi ne Johan August Brinell, injiniya ɗan ƙasar Suwidin da ke aiki a masana'antar ƙarfe ta Fagersta. A shekarar 1900, a babban baje-kolin birnin Paris, ya nuna hanyarsa: a ɗauki ƙwallon ƙarfe mai tauri, faɗinsa milimita 10, a danna shi a jikin abin da ake gwadawa da nauyin kilo 3,000, a bar shi daƙiƙa 10 zuwa 15, a ɗage, a auna faɗin gurbin da ya bari da madubin ƙara girma. Sai a raba nauyin da girman fuskar gurbin. In faɗin gurbin milimita 5 ne, lambar ta kama 143. In 4 ne, 229. In 3 ne, 415. Ƙaramin gurbi, babbar lamba. Ga ƙarafa masu laushi kamar alminiyom ana rage nauyin zuwa kilo 500 ko makamancin haka, don kada ƙwallon ya nutse fiye da kima.

Girman gurbin Brinell shi ne ƙarfinsa, shi ne kuma rauninsa. Ƙarfen zubi, irin wanda ake yin gangar jikin inji da shi, ba bai ɗaya yake ba a ciki: akwai ɓarɓashin girafait mai laushi a warwatse tsakanin ƙarfe mai tauri. Tsinin da ya yi ƙanƙanta zai iya sauka a kan ɗaya daga cikin biyun ya ba da labarin ƙarya, amma ƙwallon milimita 10 yana tattaro su duka ya fitar da matsakaici. Don haka har yau masu zubi da masu manyan ƙarafa shi suke so. A ɗaya ɓangaren, ba za ka yi wa reza ko siririn falle wannan gwaji ba, kuma ba za ka bar irin wannan rami a jikin kayan da aka gama gogewa ba. Sannan in abin gwajin ya yi tauri sosai, ƙwallon ne da kansa zai lotse. Saboda haka ne a yanzu aka koma amfani da ƙwallon tangistin kabaid, wani haɗi mai tsananin tauri, ana rubuta HBW, kuma ko da shi ba a yarda da sakamakon da ya haura 650 ba.

Abin da ya sa lambar Brinell ta samu karɓuwa haka shi ne wata dangantaka da aka lura da ita tun da wuri: a yawancin ƙarafan gini da na inji, in ka ninka lambar da kusan 3.45, za ka samu kimanin ƙarfin da ƙarfen zai jure in ana jan sa kafin ya tsinke, a ma'aunin megafaskal. Ƙarfe mai 229 zai kama wajen 790. Gwajin ja yana bukatar a yanko samfur, a sassaƙa shi, a tsinka shi a babbar na'ura. Gwajin dannawa minti ɗaya ne, kuma kayan na nan. Daga baya David Tabor na Jami'ar Kambirij ya bayyana dalilin: ƙarfen da ke ƙarƙashin tsinin yana kewaye da sauran ƙarfe da ke tare shi, don haka matsin da ake bukata a lotsa shi ya kai kusan ninki 3 na wanda zai sa shi ya fara miƙewa in ana jan sa a sake. Wannan lamba ta shiga kasuwa har ta zama suna. Fallayen Hardox da kamfanin SSAB na Suwidin ke yi don bokitin katafila da bayan tifa, lambobin da ke jikinsu, 400 ko 450 ko 500, taurinsu ne a ma'aunin Brinell.

Gwajin Brinell na da jinkiri ga masana'antar da ke fitar da dubban kaya a rana, domin sai mutum ya sunkuya ya auna gurbi da ido. A garin Bristol na jihar Connecticut a Amurka, a wani kamfanin yin boris mai suna New Departure, Hugh Rockwell da Stanley Rockwell suna neman hanyar gane ko zoben boris ya gasu daidai ba tare da ɓata shi ba. Sun nemi rajistar ƙirƙirarsu a 1914, aka ba su a 1919. Dabararsu ita ce a bar auna faɗi, a auna zurfi, kuma na'urar ce za ta auna, ba ido ba.

Yadda ake yi yana da hikima. Da farko ana danna tsinin da ɗan nauyi na kilo 10, don ya huda datti da kaushin saman ƙarfen ya zauna daram. Nan ne sifili. Sai a ƙara babban nauyi, a jira kaɗan, a janye shi a bar ƙaramin. Ƙarfen zai ɗan taso saboda ɗabi'arsa ta komawa yadda yake, abin da ya rage na zurfin shi ne lotsawa ta dindindin, kuma ita ake karantawa. A sikelin C, wanda aka fi sani, tsinin daimon ne mai siffar mazurari, kusurwarsa digiri 120, jimillar nauyin kilo 150. Kowace lamba ɗaya tana daidai da zurfin milimita 0.002, ana kuma cire ta ne daga 100. Ke nan wuƙa mai 60 HRC, wato 60 a sikelin C na Rockwell, tsinin ya nutse a cikinta milimita 0.08 ne kawai, kusan kaurin gashin kai guda. A sikelin B kuwa, na ƙarafa masu laushi, ƙaramin ƙwallo ake sa wa, da nauyin kilo 100.

A nan ne kuskuren da ya fi yawa yake aukuwa. 60 HRC ƙarfe ne da magagari zai sha wahala a kansa. 60 HRB ƙarfe ne mai laushi da za ka lanƙwasa ba wahala. Lamba ɗaya, harafi ɗaya ya bambanta, tsakaninsu kuwa nisa ne mai yawa. Sikelin Rockwell sun kai gomomi, kowanne da tsininsa da nauyinsa. Sannan lambar ba matsi ba ce, ba nauyi ba ce, ba ta da wata ma'ana a wajen na'urar da ta haife ta. Yarjejeniya ce kawai da duniya ta amince da ita. Duk da haka ita ce harshen masu wuƙaƙe da masu boris da masu giya. Wuƙar kicin mai kyau takan faɗa tsakanin 55 da 62, boris wajen 58 zuwa 64, gatari kuwa ana barinsa ƙasa da wuƙa da gangan, saboda aikinsa duka ne.

A ganina, wadda ta fi kowacce tsabtar tunani ita ce hanyar Vickers, wadda Robert Smith da George Sandland suka fito da ita a 1921 a kamfanin Vickers na Birtaniya. Tsininta daimon ne mai siffar dala, gindinsa murabba'i, kusurwar da ke tsakanin fuskoki biyu masu kallon juna digiri 136. Ba da ka aka zaɓi wannan kusurwa ba: an lissafo ta ne daga gurbin Brinell mafi dacewa, wanda faɗinsa ya kai kashi 0.375 na faɗin ƙwallon, don lambobin hanyoyin biyu su zo kusa da juna a ƙarafa masu matsakaicin tauri. Fa'idar dala a kan ƙwallo ita ce siffar ramin ba ta canzawa, ko ya yi zurfi ko bai yi ba. Ƙwallo in ya nutse kaɗan, raminsa faranti ne. In ya nutse da yawa, ya zama kwano, lissafin kuma ya karkace. Dala kuwa kullum dala ce. Saboda haka sikeli ɗaya ya isa tun daga dalma har zuwa kabaid, kuma ana iya amfani da nauyin giram kaɗan ko kilo 100. Ana auna tsawon layuka biyu da suka ratsa murabba'in daga kusurwa zuwa kusurwa, a ɗauki matsakaicinsu. Da nauyin kilo 30, in layin ya kai rabin milimita, lambar ta kama kusan 223, a rubuta ta 223 HV30, don mai karatu ya san da wane nauyi aka gwada.

Amfanin wannan ya fi fitowa a haƙorin giya. Giya mai kyau ba bai ɗaya take ba: ana cusa wa fatarta kabon a cikin tanderu don ta taurara ta jure gogayya, a bar cikinta da sauƙi don ta jure girgiza. In fatar ta yi siriri, za ta fashe ta ɓare. Ta yaya za a san kaurinta? Ana yanka haƙori ɗaya, a goge shi ya zama kamar madubi, a jera ƙananan ramukan Vickers daga baki zuwa ciki, a bi lambobin suna sauka. Inda suka sauko 550, nan aka yarda fatar ta ƙare. Na'urar Rockwell mai kilo 150 ba za ta iya wannan ba. In fatar siririya ce ma, za ta huda ta ne ta karanto cakuda na sama da na ƙasa. Kayan gyaran mota na jabu da yawa a nan suke faɗuwa. A ido ba su da bambanci da na asali, magagari ma zai iya zamewa a kansu, amma taurin bai shiga ciki yadda ya kamata ba.

Ga abubuwa masu gautsi kamar gilashi, tangaran da fatar haƙori, akwai tsinin Knoop, wanda Frederick Knoop da abokan aikinsa suka ƙera a 1939 a hukumar ma'aunai ta Amurka. Raminsa dogo ne siriri, tsawonsa ya ninka faɗinsa kusan sau 7, ba ya kuma zurfi, don haka bai cika fasa abu ba. A can ƙarshen ƙanƙanta kuma akwai na'urorin da raminsu ya fi ƙarfin madubin ƙara girma na yau da kullum. Ba a auna ramin ma, sai dai kwamfuta ta riƙa rubuta nauyi da zurfi yayin shiga da fita, a lissafo taurin daga nan, bisa tsarin da Warren Oliver da George Pharr suka wallafa a 1992. Da shi ake gwada rufin da kaurinsa bai kai kashi ɗaya cikin dubu na milimita ba. Sai dai a wannan mataki akwai wani abin lura: sau da yawa, gwargwadon ƙanƙantar ramin, gwargwadon yadda abu ke nuna kamar ya fi tauri. Ko Vickers da aka yaba da daidaito, lambar da aka samu da giram 50 ba lallai ta yi daidai da ta kilo 30 ba.

Duk waɗannan na ɗakin gwaji ne, a kai musu abu. In abin bututu ne da aka binne, ko injin da ya kai tan 20, sai a koma hanya ta uku, ta jifa. Albert Shore na Amurka ya fara ta a 1907 da ƙaramar guduma mai bakin daimon da ake sakowa cikin bututun gilashi a ga tsayin da za ta yi tsalle. A 1975 Dietmar Leeb, a kamfanin Proceq na Suwizalan, ya sabunta ta: sifirin ke harba ɗan ƙarfe, na'ura ta auna gudunsa kafin ya bugi abu da bayan ya dawo, a raba na biyun da na farko a ninka da 1,000. Tana shiga aljihu, amma tana da sharaɗi: abin gwajin ya zama mai nauyi da kauri, wajen kilo 5 ga samfurin da aka fi amfani da shi, in ba haka ba zai girgiza ya shanye bugun, lambar ta sauka. Shi dai Shore ɗin ne ya fito da na'urar auna roba, wadda sifirin ke tura allura ta shiga; tayar mota tana wajen 60 zuwa 70 a sikelin A. Katako ma da nasa, na Gabriel Janka ɗan Ostiriya: ƙarfin da ake bukata a nutsar da ƙwallo mai faɗin milimita 11.28 zuwa rabinsa.

Wanda ya fi damuna a dangin jifa shi ne gudumar Schmidt ta gwajin kankare, wadda injiniya Ernst Schmidt na Suwizalan ya ƙirƙiro a ƙarshen shekarun 1940. Ana dafa ta a jikin ginshiƙi, ta buga, a karanta lamba. Kayan aiki ne mai amfani wajen gano inda kankare ya bambanta da sauran, amma fata kawai take ji. Tsohon kankare yana shan iskar kabon daga waje, fatarsa ta ƙara tauri alhali cikinsa na nan yadda yake. In bugun ya sauka a kan tsakuwa lambar ta hau, in bangon na da danshi ta sauka. Wanda ya buga ginshiƙi sau biyu ya sa hannu cewa bene zai ɗauki ƙarin hawa ya ɗora rayukan mutane a kan shaidar da ba ta isa ba. Hukunci irin wannan sai an huda an ciro samfur an murƙushe shi a na'ura. Haka rodin gini na zamani, wanda ake watsa wa ruwa yana fitowa daga wuta: fatarsa ta fi cikinsa tauri, don haka gwajin saman ba zai maye gurbin gwajin ja da na lanƙwasa ba.

Akwai kuma wani zato da ya kamata a kawar, cewa duk abin da ya fi tauri ya fi kyau. Daimon da ba abin da ke karce shi a jerin Mohs, guduma za ta farfasa shi. Wuƙar da aka tsoma a ruwa aka bar ta haka, in ta faɗi a kan siminti za ta iya karyewa. Shi ya sa maƙeri ke mayar da ita wuta kaɗan, yana kallon launin da ke bin jikinta, daga ruwan kara a wajen digiri 220 na ma'aunin Selshiyos zuwa shuɗi a wajen 300, yana sayar da ɗan tauri don ya sayi juriya. Juriyar duka kuwa ba a auna ta da ɗaya daga cikin hanyoyin da na ambata. Tana da nata gwajin, na Georges Charpy ɗan Faransa, inda guduma mai lilo ke karya samfur a auna ƙarfin da ya shanye.

A masana'antar mai da iskar gas, tauri ma iyaka ake sa masa daga sama. Inda rijiya ke fitar da iskar haidurojin salfaid, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ƙwayoyin haidurojin kan kutsa cikin ƙarfe, kuma ƙarfe mai tauri shi ya fi saurin tsagewa ba gargaɗi. Don haka ƙa'idar ISO 15156 ta kafa 22 HRC a matsayin iyaka ga ƙarafan kabon na gama-gari a irin wannan wuri, a wajen walda kuma kusan 250 a ma'aunin Vickers. Walda aka fi sa wa ido, domin gefen ɗinkin yana zafi ya huce da sauri, wato irin abin da maƙeri ke yi da gangan yana faruwa a nan ba a so. Wannan yanki siriri ne ƙwarai, kuma Vickers ce ke iya sauka a cikinsa.

Mutum zai ce, to ai akwai jadawalin mayar da lamba daga wannan sikeli zuwa wancan. Akwai, kamar na ASTM E140, inda 60 HRC ke kama kusan 700 a Vickers. Amma ba daga wani lissafi na asali aka fitar da shi ba. An gwada ƙarafa iri ɗaya ne da na'urori biyu aka jera sakamakon. Jadawalin da aka yi da ƙarfen inji ba zai yi wa tagulla ko alminiyom aiki ba. Na'urorin aljihu na Leeb sukan nuna HRC kai tsaye a allo, mai riƙe da ita ya manta cewa ba Rockwell ya auna ba, fassara ce aka yi masa.

Ko da an zaɓi hanyar da ta dace, saura ƙa'idojin aikin kansa, kuma su ne aka fi yi wa sakaci. Kaurin abin gwaji ya ninka zurfin ramin wajen sau 8 zuwa 10, in ba haka ba teburin da ke ƙasa ake aunawa. A bar tazarar da ta kai faɗin rami 3 tsakanin rami da rami, domin ƙarfen da ke kewaye da tsohon rami ya riga ya taurara da matsi. A goge tsatsa da ɓawon wuta, amma kada a goge da zafin da zai canza ƙarfen. In abin zagayayye ne kamar sanda, akwai gyaran da ake yi wa lambar. Ita kanta na'urar ana gwada ta da wani guntun ƙarfe na musamman da aka san taurinsa, mai takardar shaida, kafin a fara aikin rana. In tsinin daimon ya ɗan ɓare, duk lambobin da za su biyo baya sun karkace ba tare da allon ya nuna wata alama ba. Takardar gwajin da injiniya zai karɓa ya kamata ta faɗi sikelin, da nauyin da aka yi amfani da shi, da wurin da aka danna a jikin kayan, da yawan ramukan da aka ɗauki matsakaicinsu, da kuma ko lambar aunawa aka yi kai tsaye ko daga wani sikeli aka juyo ta.